Kada Tsadar Rayuwa Ta Cinye Miki Jari

'Yan uwana mata, a duk ƙungiyar da na zauna da ita a 'yan shekarun nan, kuka ɗaya nake ji: "Ina sana'a kullum, ciniki bai tsaya ba, amma jarina sai ƙanƙancewa yake yi." Mai wannan kuka ba malalaciya ba ce, ba kuma almubazzara ba. Lokaci ne ya canza, lissafin da muka saba da shi bai canza ba.

Idan kuka ji a rediyo ana cewa tattalin arziki ya samu koma baya, ma'anarsa ita ce harkokin samu a ƙasa sun ja baya wata da watanni: aiki ya yi ƙaranci, kuɗi ya ragu a hannun masu saye. Najeriya ta shiga wannan hali a 2016 lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, ta sake shiga a 2020 lokacin korona. Akwai kuma hauhawar farashi, wato kaya su riƙa tashi kuɗi yana rasa daraja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, niƙa ya tashi, taki ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Mu a ƙauye duka biyun tare suke iso mana: abin da za ki saro ya yi tsada, mai saye kuma aljihunsa ba nauyi.

Abu na farko da nake so mu tsaya a kai shi ne yadda muke ƙirga riba, don nan ne yawancinmu muke zubar da jari ba mu sani ba. A ce ke mai ƙuli-ƙuli ce. Kin sayi gyaɗa tiya goma a kan naira 2,000 kowace tiya, kin kashe 20,000 ke nan. Kin soya, kin matse, kin sayar da mai da ƙuli, bayan kin cire kuɗin niƙa da itace kin tashi da 24,000. Sai ki ce Alhamdulillahi, na ci ribar 4,000, ki sayi sabulu, ki ba yara na makaranta, ki yi zubi. Ranar kasuwa ta zagayo, kin je da 20,000 ɗinki, sai kika tarar tiya ta koma 2,300. To kin ga kuɗin nan ba zai ba ki tiya goma ba, ko tara ba za ta cika ba. Ashe ribarki ta gaskiya 1,000 ce, sauran 3,000 ɗin da kika kashe jari ne kika gutsura. In aka yi haka sau huɗu ko biyar, mai tiya goma ta koma mai tiya biyar, tana ta mamakin inda kuɗi ya shiga.

Saboda haka ki daina auna jarinki da naira, ki auna shi da kaya. Jarinki tiya goma ne na gyaɗa, ko kwano shida na waken suya, ko galan biyu na manja. Sai kin mayar da wannan kaya cif, abin da ya ragu a hannunki shi ne riba. Haka ma wajen sa farashi: kada ki sayar bisa yadda kika saro makon jiya, ki tambayi yadda kasuwa take yau. Na san akwai nauyi, maƙwabciya za ta ce kin cika son kuɗi. In ƙarin farashi zai kori masu saye, ki rage girman ƙulli, ki yi na naira ɗari maimakon na ɗari biyu, domin a irin wannan lokaci mutane kaɗan-kaɗan suke saye. Kuma ki ware wa jari mazubinsa daban. Gwangwani ɗaya na sana'a, ɗaya na cefane. Hannu ba ya shiga na sana'a don an yi baƙi.

Sai maganar bashi. Wanda ya karɓi kayanki na 5,000 ya biya bayan wata uku, ko ya cika miki kuɗinki ya rage ki, don 5,000 ɗin ba za ta sayo abin da ta sayo da ba. Ba na ce ki rufe ido ga mabuƙaci ba, zaman tare ya wuce haka. Amma ki sa wa bashi iyaka, ki san adadin da in ya kai ba ƙari sai an biya, a kuma rubuta. In ba kya rubutu, ɗiyarki 'yar makaranta ta rubuta miki. Wannan har da maigida. Na san mata da yawa da jarinsu ya ƙare a "ara mini, in na sayar da hatsi zan ba ki". Taimakon miji alheri ne, amma ki faɗa masa da ladabi cewa wannan kuɗin ƙungiya ne, akwai ranar biya, kuma sunanki ne a littafi. Yawancin maza suna ganewa in an yi musu bayani tun kafin buƙata ta taso.

To ina za a ajiye abin da aka tara? Kuɗin da aka ƙulle a bakin zani ko aka tura ƙarƙashin katifa narkewa yake yi kamar gishiri a ruwa. Mun kuma ga abin da ya faru a farkon 2023 da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000: masu ajiya a gida sun shiga ɗimuwa, masu kuɗi a banki su ma sun kasa cirewa. Darasin da na ɗauka shi ne a rarraba. Wani kaso ya zauna kusa, don ciwon dare ko haihuwa. Wani ya shiga akwatin ƙungiya. Wani kuma a mayar da shi abin da yake tashi tare da kasuwa: 'yar akuya, tunkiya, kaji, ko hatsi da wake a lokacin kaka.

Sai dai kowanne da haɗarinsa. Akuya tana mutuwa, ana kuma sace ta, don haka a yi mata rigakafi wurin malamin dabbobi kafin cuta ta shigo gari. Wake kuwa ƙwari suna gamawa da shi cikin 'yan watanni in ba a adana shi da kyau ba. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba, muddin waken ya bushe sarai kuma an ɗaure kowane ninki da kyau. Kuma farashin hatsi ba kullum yake tashi ba. A 2025 masara ta faɗi, waɗanda suka zuba duk kuɗinsu a ciki sun ji jiki. Ni shawarata, ki fara ajiye abin da gidanki zai ci da wanda sana'arki take buƙata. Ko farashi ya faɗi, ba ki yi asara ba tunda dama za ki saya.

Idan samu ya yi wuya, mayaudara suke yawa. A 2016 mutane da dama sun zuba kuɗi a MMM saboda alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, a watan Disamba aka rufe cirewa, kuɗin jama'a ya maƙale. Irinsu suna nan har yau da sababbin sunaye, wasu ta waya, wasu su zo har gida da takardu suna cewa a biya kuɗin fom za a kawo tallafi. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi ba ki ga sana'ar da ake yi da shi ba, ki riƙe abinki. Lambar sirrin katinki kuwa ba a faɗa wa kowa, ko mai POS, ko wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake. In ƙungiya za ta buɗe asusu, a tabbata bankin yana da lasisin Babban Bankin Najeriya kuma hukumar NDIC ta yi wa ajiyarsa inshora.

Tsarin da muke bi na akwati mai kwaɗo uku a ƙasar Hausa ya samo asali. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, a wurin da fari da yunwa ba baƙi ba ne. An gina shi ne don lokacin wuya, amma sai mun riƙa gyara dokokinmu. Idan zubi ya yi wa wasu nauyi, gara a rage kuɗin hannun jari ɗaya a farkon sabon zagaye da a bar mace ta fice don kunya. Mai hali ta sayi hannu biyar, marar hali ta sayi ɗaya. Asusun taimakon gaggawa kuwa a ƙara masa, domin abin da yake sayen magani bara ba ya saye bana. Rance a ba wadda za ta juya shi, kuma a tambaye ta a gaban kowa me za ta saro, nawa take sa ran samu. Rancen biki ko anko a wannan yanayi, wallahi ni ba na goyon baya, don ranar biya jari ake sayarwa. Masu adashi kuma su lura cewa mai kwasar ƙarshe ita ke cutuwa idan kaya suna tashi, saboda haka a gajarta zagayen, ko a riƙa juya layi, ta ƙarshe a wannan karo ta zama ta farko a na gaba.

Ranar rabo ma a zaɓe ta da tunani. In ta faɗo a kaka, kuɗin zai sayi hatsi da araha. In ta faɗo gab da damina, zai sayi iri da taki. In ta faɗo makon sallah, kun san inda zai tafi.

A zama na gaba, kowace ta zo da amsar tambaya biyu: jarina tiya nawa ne ko kwano nawa ne a yau, kuma nawa nake bin mutane a waje? Sakatariya ta rubuta a bayan littafin kowace mace, bayan wata uku a sake aunawa.