Hukuncin Ƙuri'ar Wanda Ya Rasu Kafin Ranar Zaɓe a Amurka

A ƙasar Amurka doka ta yarje wa mai zaɓe ya kaɗa ƙuri'arsa ba tare da ya je rumfar zaɓe ba. Akan aika masa da takardar ƙuri'a ta gidan waya, ya cika, ya rufe ta a ambulan, ya sa hannu a bayansa, sannan ya mayar wa ma'aikatan zaɓe tun ranar ba ta zo ba.

To, amma wannan tsari ya zo da wata matsala. Idan mutum ya aika da ƙuri'arsa, sannan rai ya yi halinsa kafin ranar zaɓe, shin za a ƙirga ta ko kuwa a jingine ta? Babu amsa guda, domin kowace jiha ita ke tsara dokokin zaɓenta.

A Jihar Filorida ana ƙirga ƙuri'ar muddin gidan waya ya buga mata hatimi, ko ta shiga hannun ma'aikata, kafin mai ita ya rasu. Hujjar wannan ra'ayi ita ce, mutum ya riga ya sauke nauyinsa lokacin da yake da cikakken haƙƙi. Haka aka yi a Hawai a 2008, inda aka ƙirga ƙuri'ar Madelyn Dunham, kakar Barack Obama, wadda ta rasu gab da zaɓen da jikanta ya lashe.

Jihar Mishigan kuwa ta ɗauki ranar zaɓe a matsayin ma'auni. Wanda bai kai wannan rana da rai ba, ƙuri'arsa ta faɗi. A zaɓen fid da gwani na Agustan 2020 an soke ƙuri'u 846 a jihar saboda wannan dalili.

Sai dai ko a inda doka ta ce a soke, aiwatarwa tana da iyaka. Sunan mai zaɓe a kan ambulan yake, ba a kan takardar ƙuri'a ba. Da zarar an raba su, babu mai iya gane ƙuri'ar wane ce, domin zaɓe na sirri ne. Saboda haka dole labarin rasuwar ya riski ma'aikata kafin su buɗe ambulan.

Ke nan asalin saɓanin shi ne lokacin da ƙuri'a ke tabbata: ranar da ta bar hannun mai ita, ko ranar da aka tsayar don zaɓe.