Jan Manja da Kalar Alawa a Kasuwar Iware

Kasuwar Iware, a ƙaramar hukumar Ardo Kola kusa da Jalingo, da shanu aka san ta. Amma wanda ya sayar da sa ba ya komawa gida hannu rabbana: ga manja a kwalba, ga garin barkono a leda, ga alawa da ƙanƙara ja da kore na tsarabar yara. Duk ido ne ke sayensu kafin baki ya ɗanɗana.

Akwai kalar da hukumomi suka yarda a zuba daidai gwargwado, irin su tartrazine mai ruwan ɗorawa. Ita ma ba ta tsira daga zargi ba. A 2007 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka ba yara abin sha mai haɗin irin waɗannan kaloli, suka ga ƙiriniyar wasu ta ƙaru. Tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da ko da ɗaya daga cikin kaloli shida na irin waɗannan. A Janairun 2025 kuma Amurka ta soke izinin jar kalar erythrosine, don ta haddasa wa ɓeraye ciwon daji.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne rinin Sudan, wanda ba abinci ba ne sam. Na masana'antu ne, da shi ake rina man takalmi da robobi. Yana narkewa a mai, shi ya sa maha'inta ke zuba shi a manjan da ya koɗe ko aka surka, sai ya fito jawur. In ya shiga ciki, hanji da hanta na farfasa shi zuwa sinadaran da ke iya lalata ƙwayoyin halitta. A 2005 Birtaniya ta janye kayan abinci sama da iri 500 saboda garin barkono mai wannan rini. A 2015 hukumar abinci ta Ghana ta same shi a manjan kasuwannin Accra, takwararta ta Najeriya, NAFDAC, ma ta sha jan kunne a kansa.

To, amma gargaɗin Turawa a jikin kwali yake. Manjanmu daga jarka ake tsiyayo shi cikin gorar ruwa, ba suna ba lamba, mai sayarwar ma sau da yawa ba ta san hannu nawa ya bi ba. Kama ta ba zai gyara komai ba. Idan NAFDAC da jami'an duba-gari za su ɗebi samfur, su fara da jarkokin dillalai tun ana sauke su daga mota.