Hubbaren Shehu Da Haƙƙin Maƙabarta A Kanmu

Da yawa daga cikin 'yan'uwa fatake da ma'aikata na Talata Mafara da Bakura da Maradun, in harka ta kai su Sakkwato, ba su juyowa gida sai sun biya Hubbare sun yi ziyara. Ya kamata mai ziyara ya san tarihin wurin da yake tsaye.

Asalin Hubbare gidan zama ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya taso daga Sifawa ya zauna cikinsa a 1815. Da ya cika a shekara ta 1232 ta Hijira, wato 1817, aka yi masa makwanci cikin gidansa. Sunan da Fillanci ne, tushensa kalmar Larabci ƙubba. Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka sa ta kusa da mahaifinta, 'yan taru kuma, wato matan ƙauyuka masu neman ilmi, suka ci gaba da zuwa tare da jajinsu.

Mai karatu zai zaci dukkan magabatan daula nan suke kwance. Ba haka ba ne. Malam Abdullahi yana Gwandu. Bello yana Wurno, inda ya rasu a 1837. Abubakar Atiku ya cika a Katuru a 1842, Ahmadu Atiku a Cimmola a 1866, Umaru ɗan Aliyu a Ƙaura Namoda a 1891, Attahiru kuwa ya faɗi a Burmi a 1903. Dalili shi ne mutane ne ma'abuta ribaɗi da fita yaƙi, shari'a kuma ta so a gaggauta jana'iza, saboda haka inda ajali ya riski mutum nan ƙasarsa take. A zamanin baya-bayan nan ne aka fi kai sarakuna Hubbare: Abubakar na Uku a 1988, Muhammadu Macciɗo bayan haɗarin jirgin sama a 2006, sa'an nan Ibrahim Dasuƙi a 2016. Dubi ikon Allah, wanda aka tuɓe a 1996 da wanda aka naɗa a gurbinsa, ga su cikin harabar gida ɗaya.

Amma fa ziyara tana da ladubba. A yi sallama, a roƙa wa mamata gafara, a tuna lahira. Shafar kabari ko ɗibar ƙasarsa don neman tabarruki, Shehu da kansa ya lissafa irinsu cikin bidi'o'i a littafinsa Ihya'us Sunna. Risala kuma ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Ba ladabi ba ne a je wurin malami a aikata abin da ya ƙare rayuwarsa yana hani a kai.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne mu ɗauki hanya mai nisa don girmama kabarin Shehu, alhali na iyayenmu yana bayan gari ba shinge. Na taɓa raka gawa wata maƙabarta, na ga an yanka hanyar babur ta kan kaburbura, gona ta ci gefe ɗaya, zaizayar damina ta buɗe wani sashe. A mazhabarmu ta Malikiyya kabari hubusi ne ga mai shi: ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai saurarsa ciki, balle a sayar da filin a gina shago.

Nan aiki ya faɗo kan masu karanta wannan shafi. Ma'aikacin ofishin filaye yana da ikon ya sa a auna maƙabartar garinsu, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta ta da sunan jama'a a ƙaramar hukuma, domin filin da ba shi da takarda yau shi ake rabawa fuloti gobe. Attajiri kuwa, katanga da rijiya da fitila da ɗan abin hasafi ga masu haƙar kabari duk sadaka ce mai gudana. A kuma tanadi sabon fili tun tsohon bai cika ba, gama a kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato gari yana faɗaɗa, kuɗin fili kuma kullum hawa yake yi.