Gwanjo, Rufin Asirin Talaka

Ran Asabar da sassafe muka leƙa kasuwar Barnawa, muka tarar an yanke igiyar sabuwar dila. Kafin ka ce kwabo mata sun yi dafifi, kowace ta duƙa tana zaɓe. Wata uwa ta ɗaga 'yar riga ta haska a rana, ta duba hammata da maɓallai, sa'an nan ta taya. Mai kaya ya ce albarka. Da ta juya za ta wuce, sai ya ce, "Dawo Mama, kawo kuɗi."

Da yawa cikin kayan nan kyauta ce da mutanen Ingila suka kai shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam. Abin da bai sayu a can ba, 'yan kasuwa ke kwashewa su ɗaure dila-dila, a sauke a Kwatano, ya tsallako iyaka har Kasuwar Barci ta Tudun Wada.

Sai dai ga Kakuri nan maƙwabtanmu. Masaƙar KTL da ta soma aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsaya a 2007, saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadin fasa-ƙwauri. Magidanta da dama da suka saƙa wa ƙasar nan sutura, yau da gwanjo suke yi wa 'ya'yansu kayan Kirsimeti.

Saboda haka, jama'a, mu saya ba kunya, mu wanke da ruwan zafi, mu goge. Kada kuma mu yi wa ɗan kowa dariya ran Lahadi.