Su Wane Ne Ke Karatun Kula da Albarkatun Ruwa, Kuma Me Suke Nema?

Idan aka ce ɗalibi yana digiri na biyu a fannin kula da albarkatun ruwa, mutane da yawa a Garwa za su ɗauka cewa wannan karatu ne na mutanen Duwala da Kiribi da Limbe, masu kwana suna jin ƙarar teku. Gaskiya ne Kamaru tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 400, kuma a kudancin ƙasar ne manyan makarantun fannin suke, kamar cibiyar nazarin kamun kifi ta Yabassi da ke ƙarƙashin Jami'ar Duwala. Sai dai ilimin da ake koyarwa bai tsaya ga ruwan gishiri ba. Tambayar da ɗalibin bakin teku yake yi ita ce ta masuncin Lagdo: kifi nawa za a iya kamawa bana ba tare da an kashe na baɗi ba, kuma wa zai yanke wannan hukunci?

Arewacin Kamaru ba shi da teku, amma yana da ruwan da ya isa ya ci rayuwar mai bincike. Akwai kogin Binuwai da ya ratsa Garwa. Akwai madatsar Lagdo da ƙwararrun ƙasar Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, wadda ta tara tafki mai faɗin murabba'in kilomita sama da 500, ta jawo masunta Musgum da Kotoko da Massa da Hausawa, har da 'yan Najeriya da Chadi da Mali. Akwai madatsar Maga ta 1979, da fadamar Waza-Logone, da kuma rabon Kamaru a Tafkin Chadi. Daga waɗannan wurare ake fito da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da ƙurungu, ɗanye da banda, zuwa kasuwannin Garwa da Marwa har Yola da Maiduguri. Duk da haka ƙasar tana sayo daskararren kifi daga waje wajen ton 200,000 a shekara. Wannan giɓi kaɗai ya isa ya nuna ana buƙatar masu ilimin fannin.

Masu shiga wannan karatu ba daga gida ɗaya suke fitowa ba. Rukuni na farko su ne waɗanda suka yi digirin farko a ilimin halittu ko likitancin dabbobi. Su hankalinsu yana kan kifin kansa. Za ka same su a bakin ruwa da ma'auni da sikeli, suna auna tsawon abin da aka kamo, suna duba cikin kifi su ga lokacin da yake ɗaukar ƙwai. Aikin kamar wasa, amma shi ne ginshiƙi. Idan aka ga karfasar da ake saukewa tana ƙara ƙanƙanta shekara bayan shekara, alama ce ana kama ta kafin ta hayayyafa. A kan irin wannan bincike ake ɗora dokar girman idon raga, da hutun kamun kifi da hukuma take sanyawa a Lagdo da Maga a watannin damina, lokacin da kifi ke zuba ƙwai.

Rukuni na biyu su ne masu ilimin ƙasa da yanayi da injiniyoyin ruwa. Su suna kallon ruwan ne: daga ina yake zuwa, yaushe yake cika, laka nawa take taruwa a gindin madatsa saboda noma da sare itatuwa a gaɓa. Suna aiki da hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta. Da irin waɗannan hotuna aka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Su ne kuma ake nema idan rigima ta tashi kan sakin ruwan Lagdo, kamar yadda aka yi a ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai a Najeriya suka ɗora laifin a kan madatsar.

Rukuni na uku, wanda aka daɗe ana raina muhimmancinsa, su ne masu ilimin tattalin arziki da zamantakewa da shari'a. Tambayoyinsu na mutane ne. Wa ya mallaki kwalekwale da raga, wa yake shiga ruwa, wa yake cin riba? Me masunci zai ciyar da iyalinsa da shi idan an rufe tafki na watanni? Matan da ke banda, ina suke samun itace, kuma nawa ne kifin da ke lalacewa kafin ya kai kasuwa? Ina ikon sarkin ruwa ya tsaya, ina na jami'in ma'aikatar kiwo da kamun kifi ya fara? Rukuni na huɗu kuma ma'aikata ne da suka riga suka yi shekaru a daji da bakin ruwa, suka dawo ƙarin karatu. Cikinsu akwai waɗanda suka bi ta Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda tun 1970 take horar da jami'an gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama.

Dalilin da ya sa fannin yake tara mutane daban-daban haka shi ne duniya ta sha wuya kafin ta gane cewa ƙidayar kifi kaɗai ba ta tsare kifi. A 1992 Kanada ta rufe kamun wani kifin teku a yankin Niyufanlan bayan ya kusa ƙarewa, dubban mutane suka rasa sana'a, alhali ƙasar cike take da masana. A 2009 kuma aka ba Elinor Ostrom, 'yar Amurka, kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda ta nuna cewa jama'a kan iya tsare dukiyar da suka yi tarayya a kanta idan da hannunsu a kafa doka da aiwatar da ita.

Mu ma muna da namu darasin a gida. An gina madatsar Maga da ganuwar gefen kogin Logone ne don noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Shinkafa ta samu, amma ruwan da yake malala a fadama duk shekara ya ragu, kifi ya rasa wurin hayayyafa, ciyawar makiyaya ta mutu, namun dajin Waza suka shiga ƙunci. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa don a mayar wa wani sashe na fadamar ambaliyarsa. Da an zaunar da masanin kifi da masanin makiyaya tare da injiniya tun farko, da asarar ba ta kai haka ba. Yanzu kuma wata matsalar ce take jan hankalin masu bincike a wannan fadama: ramukan da masunta ke haƙawa daga fadama zuwa kogi don tare kifi sun yi yawa, suna kawo saɓani tsakaninsu da makiyaya.

A nan ne 'ya'yan arewa suke da abin da ba a saya a makaranta. Yaron da ya tashi a gidan masunta ya san bambancin birgi da kalli da mamari, ya san watan da ruwa ke ja. Wanda yake jin Fulatanci da Hausa ko Musgum zai zauna da masunci a inuwa ya ji gaskiyar abin da aka kama, ba abin da ake faɗa wa baƙo mai takarda don tsoron haraji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mace mai bincike kuwa za ta shiga wurin masu banda ta ji abin da ba za a faɗa wa namiji ba.

Hanyar karatun ma ta fi da sauƙi. Jami'ar Ngawundere tana nan tun 1993, ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Wanda ya yi digirin farko a ɗaya daga cikinsu zai iya zurfafawa a Yabassi, ko ya tsallaka Najeriya inda cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa take kusa da tafkin Kainji. Wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun gwamnati, da cibiyar binciken noma ta IRAD, da Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, da kuma kiwon kifi na ƙashin kai.

Don haka, iyaye masunta, kada ku ɗauka boko zai raba yaro da sana'ar gado. Ku bar shi ya karanta ta. Ɗalibai kuma, idan lokacin zaɓen abin bincike ya zo, ku duba Lagdo da Maga da Logone kafin ku duba nesa, kuma idan kun kammala ku koma ku bayyana wa masuntan abin da kuka gano da harshen da suke ji. Allah ya sa mu dace.