Takalmin gudun daji

Dabokpa unguwa ce a Tamale, babban birnin arewacin Gana. A wannan yanki ƙasa ja ce, mai tsakuwa. Da rani takan bushe ta yi tauri. Da damina kuma takan yi taɓo da santsi. A kan irin wannan ƙasa ce 'yan makaranta suke yin gudun daji.

Gudun daji ya bambanta da gudun filin wasa. Masu tsere suna bin hanyar gona, su hau tudu, su gangara kwari. A hanya akwai ƙaya da tsaida, wani lokaci har da fasasshiyar kwalba. Duk wanda ƙafarsa ta ji ciwo, to, tserensa ya ƙare. Saboda haka zaɓen takalmi ba abin wasa ba ne.

Silifa ba ta dace ba, don tana ficewa daga ƙafa. Takalmin fata na salla yana da nauyi. Na roba yana tara gumi, ya kawo bororo. Takalmi mai ƙusoshi na ciyawa da taɓo ne. A busasshiyar ƙasa yakan sa ciwon ƙafa. Wanda ya fi dacewa shi ne kambas marar nauyi, mai igiya, wanda tafinsa yake da zane-zane masu kama ƙasa.

Ba tsada ce ke sa takalmi ya yi kyau ba. Na gwanjo ma ya isa, idan tafinsa bai cinye ba. Babban abu shi ne ya yi daidai da ƙafa. A gwada shi da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. A sa safa kafin a gwada. A bar fili kamar santimita 1 tsakanin yatsu da bakin takalmi. Dunduniya kuwa ta zauna daram. Kada a fara sa sabon takalmi ranar gasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A 1960, a wasannin Olamfik na birnin Rum, Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya sami sabon takalmi wanda bai yi masa daidai ba. Sai ya ajiye shi, ya yi gudun kilomita 42 ba takalmi, ya zo na ɗaya. Amma shi ya daɗe da sabawa, tafin ƙafarsa ya yi kauri. A 1964, a Tokiyo, ya sake cin tseren, wannan karo da takalmin da ya dace da shi.

Tambayoyi
1. Yaya ƙasar Tamale take da rani?
2. Me ya sa silifa ba ta dace da gudu ba?
3. Don me ake gwada takalmi da yamma?
4. Wace irin ƙasa ce a garinku? Wane takalmi ya dace da ita?