Kududdufin Bayan Gida Ma Gona Ne

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, duk ɗakin ƙasar da aka gina a Geza ya bar rami inda aka haƙi ƙasarsa. Damina na sauka sai ramin ya cika, mu kira shi kududdufi, mu mai da shi juji. Alhali da ɗan gyara abinci zai ba mu.

Abin lura na farko shi ne zurfi, domin kowane tsiro da irin ruwan da yake so. Tsakiya, inda ruwa ya kai gwiwa zuwa ƙugu, wurin bado ne, wanda muke gani a fadamun kogin Kwara wajen Lolo da Illo. Saiwarsa na cikin laka, ganyensa na shimfiɗe a kan ruwa. Idan furen ya gama sai kan ya nutse, ya nuna a ƙarƙashin ruwa cike da 'ya'ya ƙanana da ba su kai ƙwayar gero ba. Ana shanya su a daka, a yi kunu ko tuwo. Dunƙulen saiwar kuma a dafa ko a gasa. Wasu na raina shi wai abincin shekarar yunwa ne, amma wace shuka ce ramin zai ƙafe ƙaf da rani, ta kwanta cikin busasshiyar laka, ta farfaɗo da ruwan farko?

Bakin ramin, inda laka ba ta bushewa, na gwaza ne. Sai dai ba ta nuna ƙasa da wata 6, don haka idan ruwan sama ya ɗauke a Oktoba sai an taimaka mata daga rijiya. Kada a ci ta ɗanya, ƙaiƙayin maƙogwaro take sa wa.

Yanzu ga inda iyayenmu za su ja da mu, kuma da gaskiyarsu: sauro. Cikin zafinmu ƙwansa kan zama sauro a kusan kwana 10. Maganin shi ne a zuba ƙananan karfasa, su riƙa cinye tsutsarsa. Kainuwa kuwa, ko da dashen Allah ce, a tsame ta: tana rufe ruwa ta hana kifi iska, kuma akwai irin sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta.

Sai tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙananan katantanwa su raini ƙwayar, ta huda fatar duk wanda ya shiga. Saboda haka ba fitsari, ba wanka, ba ruwan makwarara, masai kuma ya yi nisan kamar mita 30. Kafin a dasa komai a kewaye ramin da ƙaya ko kara, saboda ƙannenmu masu rarrafe.